Agola a Gidan Ubanta

Ni na fara furta kalmar. Ina so a san wannan tun daga farko, domin ƙanwata ce ta sha tsegumin mutane shekara da shekaru, ni kuwa har gobe durƙusawa ake yi ana gaishe ni da Malama.

Ƙanwar tawa ta yi aure a Tsafe, gidan wani Alhaji mai sayen hatsi a ƙauyuka yana lodawa kudu. Shekara huɗu ba ko ɓatan wata. Sai ya sake ta, kamar yadda ya saki wasu biyu kafin ita, dukansu da laifi ɗaya, wai ba sa haihuwa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda aka yi mata uku daga gidaje uku suka taru a kan ciwo ɗaya. Ta koma Bungudu gidan Baba ta yi idda. Innarmu ta daɗe da rasuwa, Baba kuwa shi ke jan salla a masallacin unguwa, gidan ba rediyo ba dariya. Da na je na ga yadda ƙashin wuyanta ya fito, sai na roƙi Baba ya ba ni ita. Na kawo ta Gusau wurina, na sa ta koyon ɗinki gidan wata maƙwabciya, ni kuma ina zuwa firamaren da nake koyarwa.

Akwai wani direban motar haya da ke zaune a ɗakin haya bayan gidanmu, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe har Funtuwa. Dogo ne, fari, bahago, mai wushirya. Iyayensa Fulanin daji ne da shanu suka ƙare musu. Ba ruwansa da hayaniyar 'yan tasha. Yakan kawo mana rake da dankali in ya dawo, ni da wautata ina cewa yaron nan akwai ladabi. Ashe ba ni ake yi wa ladabin ba.

Shekarar da aka ba mu jiha ne abin ya fito. Ƙanwata ta daina shiga madafa in ana kaɗa miya, wai warin daddawa. Wata rana na dawo daga makaranta da azahar na same ta tana amai bayan randa. Na lissafa a raina, shekara guda da wata biyar da sakinta. Ban tambaye ta komai ba, mari na fara kai mata. Allah ya yafe mini. Ta riƙe kunci ta faɗi wanda ya yi, ko gardama babu.

Da la'asar sai ga shi a zaure, ba wanda ya kira shi. Ya cire hula ya durƙusa.

Ya ce, "Yaya, laihina ne, ba nata ba. Cikin nawa ne, ban musu ba. In ta haihu ku ba ni ita in aura, abin da ta haihwa ni ka riƙo."

Na ce, "Naka ne a gidan uban wa? Wa ya shafa muku fatiha? Ka je ka tambayi duk malamin da kake so, namijin da bai ɗaura aure ba ko farcen ɗa ba shi da shi. Ɗan gaba da fatiha na uwarsa ne, da shi da kunyar duka. Kai gobe ka tada motarka ka yi Funtuwa, mu ne za mu zauna da tsoho mai jan salla. Tashi ka ba ni wuri, kuma in na ji bakinka a waje, wallahi sai ka bar garin nan."

Ya tashi ya tafi. Shi kaɗai ne ya zo da gaskiya a cikin maganar nan kaf, kuma shi na kora.

Kwana uku ina juya abin. Ina ganin Baba a raina yana shiga masallaci, sahu yana watsewa a bayansa. Ina ganin ɗan da za a haifa yana tasowa yara na ce masa shege a bakin rijiya. Sai na tuna da hirar tsofaffi, cewa ciki kan kwanta a jikin mace, ya yi barci shekara biyu, uku, har biyar, sannan ya tashi. Kwantacce ake ce masa. Malamai ma sun san da shi a littafi, in bazawara ba ta sake aure ba ta haihu a cikin waɗannan shekarun, ɗan na tsohon mijinta ne, sai fa in shi ya yi rantsuwa ya kore shi. Ni da na yi makarantar horon malamai, ni da nake zana wa yara wata tara a allo, ni na shiga mota na tafi Bungudu da wannan kalma a bakina.

Na sami Baba a kan buzu bayan sallar walaha. Na gaishe shi, na sunkuyar da kai, na ce, "Baba, ashe ƙanwata da ciki ta baro Tsafe. Kwantacce ne, yanzu ya tashi."

Carbi ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Kin tabbata abin da kika hwaɗi?"

Na ce, "Ungozoma ta duba, Baba."

Ya ce, "Allah mai iko." Ya ci gaba da jan carbinsa. Baba ba yaro ba ne. Na miƙa masa mayafi ne, shi kuma ya karɓa ya lulluɓa. Washegari ya aiki ƙanensa, Baffanmu, Tsafe ya kai labari.

Ga inda wayona ya ƙare. Ni a lissafina Alhaji zai yi tsalle ya dire ya ce ba nasa ba ne. Wane namiji ne zai karɓi cikin da ya fito bayan shekara da rabi? In ya musa, shi ke nan, mu ce azzalumi ne ya ƙi jininsa, gari ya rabu biyu, wasu su gaskata mu wasu su yi shiru, kunyar ta ragu, abin da aka haifa kuma ya zauna hannunmu. Haka na tsara. Na manta da cewa mutumin nan shekara ashirin ke nan abokan kasuwa suna yi masa shaguɓe, suna tambayarsa wa zai gaji buhunan. Baffa ya dawo yana mamaki. Ya ce yana gama magana Alhaji ya faɗi ya yi sujada a kan tabarma, ya tashi ya aika a sayo goro a raba wa 'yan kasuwa. Tsuntsu daga sama gasasshe, kuma ni na gasa masa.

Aka haifi mace, farkon damina. Ranar suna Alhaji ya zo Gusau da mota biyu cike da dangi, da rago mai ƙaho kamar na layya, da maroƙi. Shi ya yi mata huɗuba, ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Maroƙi na ta kwarara, "Alhaji ya zama uba! Maƙiya sai ku mutu!" Ƙanwata na ɗaka ta juya fuska bango. Direba yana can tsallaken titi yana wanke motar da ya riga ya wanke da safe. Na zuba naman suna a kwano na aika masa, kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Yarinya ta fara girma, sai ga abin da ba a iya rufewa da zane. Fara sol, doguwar fuska, haƙora na fitowa sai ga wushirya. Ka miƙa mata abu da dama, ta karɓa da hagu. Alhaji kuwa gajere ne, baƙi, mai faɗin hanci. Mata su shigo su ɗauke ta su ce, "Tubarkalla! Farin nan na dangin uwa ne ko?" Suna faɗa suna kallonmu, ni da ƙanwata, mu da kowaccenmu baƙa ce kamar bayan tukunya. In ce musu kakarmu ta wajen Inna fara ce. Su ce, "Ayyo, ai jini ba ya ɓata." Munafukai. Su fita su yi dariyarsu a lungu, ina jin su.

Alhaji bai yi sake ba. Kowace salla da atamfa, kowace kaka da buhun gero. Sau biyu ya aiko a yi kome, ƙanwata ta ce gara ta shiga rijiya. Da aka yaye yarinya, direba ya turo manyansa Bungudu neman aure, kamar baƙo, kamar yau ya fara ganinta. Baba bai ja magana ba ko kaɗan, ya ce a ɗaura ranar Juma'a. Suka kama ɗaki biyu a Tudun Wada. Na ce alhamdu lillahi, jirgi ya kai gaɓa. Uwa ga ta, uba ga shi, 'ya ga ta, kuma ba wanda ya isa ya kira ta da mummunan suna. Har yabon kaina nake yi.

Wata bakwai suka samu. In ya dawo daga tasha da la'asar, tun daga kan kwana yarinyar ke gane ƙarar motarsa, ta fito da gudu ba takalmi tana "Baba! Baba!" Ya ɗora ta a cinya ta riƙe sitiyari, su shigo layin a hankali tana danna ham, kaji na watsewa. Shi ke yanke mata farce. Shi ke ba ta fura da ludayi. Maƙwabta na cewa ba su taɓa ganin namijin da ke son agola haka ba. Agola, wato 'yar da mace ta zo da ita daga wani gida. Haka ake kiranta a gidan ubanta, yana ji, ba shi da bakin gyarawa.

Kalmar agolar nan ce ta yi ƙafa ta je Tsafe. Wani ya faɗa wa Alhaji a kasuwa cewa an ga 'yarsa a tasha kan cinyar direba. Ya aiko da saƙo gajere ta bakin Baffa: "Ɗiyata ba ta zama agola gidan ɗan tasha." Ƙanwata ta ƙi ba da ita. Bayan mako biyu sai ga sammaci.

Na tafi kotun da ƙarfin gwiwa, don na yi tambaya, an ce mini a shari'a uwa ita ke da riƙon 'ya mace har ta yi aure. Ban tsaya na ji ƙarshen karatun ba, halina ke nan. Lokacin kuma ƙarshen shekarar casa'in da tara ne, gari ya ɗauki maganar shari'ar da za a fara aiki da ita. A kasuwa, a mota, a gidan biki, kowa ya zama malami, kowa na faɗin abin da za a yi wa bazawarar da ta haihu ba miji. Ba mu san gaskiya ba, ba mu san ƙari ba. Abin da na sani shi ne ƙanwata ta daina cin abinci.

Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ba zan ɗora masa laifi ba, abin da muka rubuta ya karanta. Ya tambayi ƙanwata, "Wane ne uban yarinyar?"

Ta nuna Alhaji ba tare da ta ɗago ba.

Ya ce, "Kin yi wani aure?"

Ta ce ta yi.

Ya ce riƙo na uwa ne, gaskiya ne, amma in ta auri bare ga yarinyar, haƙƙin ya faɗi, ya koma ga kaka ta wajen uwa. Aka ce ta rasu. Ya ce to 'yar'uwar uwa. Na miƙe zumbur na ce, "Ga ni, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Kina da miji?"

Na ce ina da shi.

Ya ce, "Shi ma bare ne ga yarinyar. Zauna, Malama."

Saura kaka ta wajen uba, tsohuwar Alhaji, tana nan da ranta a Tsafe.

Sai direba ya miƙe daga benci. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ina da magana."

Alƙali ya dube shi ya ce, "Kai mene ne ga yarinyar?"

Yarinyar na kan cinyar uwarta tana wasa da igiyar hijabi da hannun hagu, duk mai ido ya ga amsar. Ƙanwata ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. In ya faɗi gaskiya, Alhaji ba shi da ko zare a jikin yarinyar. Amma shi ma ba za a ba shi ita ba, kuma matarsa ta amsa laifi ke nan da bakin mijinta a gaban alƙali, a wannan wata, ga Baba, ga sunan da yarinyar za ta ɗauka har kabari. Ya juyo ya kalle ni. Na girgiza masa kai. Karo na biyu ke nan da na toshe masa baki.

Ya ce, "Mijin uwarta ne ni."

Alƙali ya ce, "To ba ka da ta cewa a nan."

Direba bai zauna ba. Ya ce, "In aurena ne ya ja, na sake ta yanzu, a bar mata ɗiyarta."

Ƙanwata ta saki ƙara. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Kada ka furta, yaro. Haƙƙin da aure ya kayar, saki ba ya tayar da shi. Za ka yi asarar biyu ne." Ya ba da kwana bakwai a kai yarinya hannun kakarta.

A ƙofar kotu na tare Alhaji yana gyara babbar riga. Na rage murya na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kai ma ka san..."

Ya ce, "Na san mi, Malama? Ke kinka aiko anka ce man kwantacce ne. Ni ban roƙa ba. Ko ƙarya kinka yi ma liman?"

Ya tsaya yana jiran amsa, har da murmushi. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na ja mayafina na wuce kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Na tsane shi ranar, kuma har yau ban daina ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne da na bar yarinyar nan da sunan da nake gudu, da duk duniya ba mai iya taɓa ta. Shegiya ba mai zuwa da sammaci a kanta, ta uwarta ce ita kaɗai. Ni na je na nemo mata uba, uban kuma ya zo ya ɗauki kayansa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, a gonar wani.

Ranar bakwai ƙanwata ta tashi da wuri ta yi wa yarinyar wanka, ta yi mata kitso ƙanana, ta sa mata lalle a tafin hannu. Ta ɗaure kayanta a ɗankwali, har da ƙaramin kofin robar da ba ta shan ruwa sai da shi. Ta ce ba za ta iya zuwa ba. Ta ce mini, ba ta ko kalle ni ba, "Ke kinka ƙulla, ke za ki kai." Alhaji ya aiko da mota, mijin ƙanwata ya mayar masa da ita. Ya ce ba motar da za ta ɗauki yarinyar nan sai tasa.

Na zauna gaba da ita a cinyata. Ita a ganinta yawo za a je. Tana ta surutu, tana nuna shanu, tana nuna dutsen Kwatarkwashi, tana tambayar wa ya ajiye shi a nan. Yana amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin an yi tafiyar Tsafe a hankali kamar ranar ba, har manyan motoci na wuce mu. Da muka kusa shiga gari ya tsaya ya saya mata rake, ya fere da wuƙarsa, ya yanka ƙanana yadda ba za ta shaƙe ba.

Tsohuwar na jiran mu a ƙofar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura. Da ta ga yarinyar sai ta fashe da kuka tana "Takwarata, takwarata, ashe zan gan ki a ɗakina kafin in mutu." Ita da zuciya ɗaya take yi. A gidan nan kaf ita kaɗai ce ta yarda da kwantaccen nan har cikin ranta, sai na rasa wanda zan zaga.

Yarinyar ta ga baƙin fuskoki, ta ga ana sauke ƙunshin kayanta. Ta zame daga hannuna ta ruga ta maƙale wuyan direba.

Ta ce, "Baba, mu tai gida."

Na ja ta, ta ƙi. Alhaji ya miƙo hannu, ta ƙwalla ƙara ta ƙara shigewa. Mutane suka fara taruwa. Fuskar Alhaji ta ɓaci, ya ce, "Wane irin Baba kuma? Haka kunka koya mata?"

Tsohuwar ta share hawaye ta ce wa direba, "Yaro, Allah shi saka ma da riƙon da ka yi. Na ga maganarka take ji. Hwaɗa mata da bakinka, ko ta saki."

Ya durƙusa a ƙasa da ita a wuyansa. Ya riƙa ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, masu lallen. Ya riƙe hannuwan biyu ya kalle ta.

Ya ce, "Ni ba babanki ba ne. Ga babanki can."

Ta daina kukan. Ta kalle shi, ta juya ta kalli Alhaji, ta sake kallonsa tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Shi kuwa bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko ta wasa, don haka ta yarda. Ta saki rigarsa da kanta. Tsohuwar ta kama hannunta, ta bi ta zuwa cikin gida, ba ta waiwayo ba.